Gidan da ba a gina ba, an riga an cinye kuɗinsa

To jama'a, abu uku zan taɓa a kan yadda harkar gidaje ke karya mutum, mai gini da mai ba da bashi duka. Na baya kuna ji na? Madalla.

Na farko, sayar da gida tun yana kan takarda. Bari in kai ku China. Akwai kamfanin Evergrande, wanda Hui Ka Yan ya kafa a Guangzhou a 1996. A 2017 babu mai kuɗinsa a duk China. Yaya yake yi? Ya ciwo bashi ya sayi fili, ya zana benaye, mutane su biya tun ba a haƙa tushe ba. Kuɗin da ka biya don a gina naka, da su za a sayi wani filin a wani gari. Naka kuma sai masu saye na gaba sun kawo nasu. Kun ga adashi ke nan, amma wanda kwasar kowa ta dogara da shigowar sabon mai zubi. Ku riƙe wannan, sabon mai zubi. Ya kai ayyuka sama da 1,300 a birane sama da 280. Har ƙungiyar ƙwallo ya saya, ta ci kofin zakarun Asiya a 2013 da 2015. Ya shiga harkar ruwan roba, ya shiga ta motar lantarki. Magini fa! Ni da ko kaji na kasa kiwo ba zan yi masa dariya ba.

A Agustan 2020 gwamnati ta gindaya sharuɗa uku kan yawan bashin da magina za su ci. Famfo ya ƙafe. Bashin da ke wuyan kamfanin ya haura dala biliyan 300, a Disamban 2021 ya kasa biya, a Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta ce a rushe shi a sayar da kadarorinsa. Abin da ya fi ci mini rai, a 2022 akwai mutanen da ke biyan banki duk wata a kan kango, har suka haɗa kai suka ce sun daina. Kango, ko taga babu. Kuma irin wannan ciniki kuna ganin tallansa a Abuja, biya kaɗan-kaɗan, makulli baɗi.

Na biyu kuɗin ruwa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai nasa kashi 27.5, na bankunan kasuwa ya fi haka. Wace haya ce za ta biya wannan? Na huɗu... na uku ne? To, gida ba ya sayuwa ranar da kake so. Misali bankin Lehman Brothers na Amurka, wanda harkar gidaje ta durƙusar a Satumban 2008, ku karanta da kanku.

Na'am, Alhaji? Yana tambaya, in kamfani ya karye wa ake fara biya. Alhaji, ba kai ba ne. Bankin da ke riƙe da takardar fili a matsayin jingina yana gabanka, kai mai rasit kana layin baya da mai siminti da mai rodi. Shi ma bankin a nan Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta ce jinginar sai da amincewar gwamna, in bai samo ba, ya shiga uku. Ka tambayi masu kamfanin takardar filin tana hannun wa. Nawa ka riga ka ba su? A'a, kar ka faɗa a lasifika, same ni bayan sallah.