Mustang Ranch: Tarihin Gidan Karuwai na Farko da Aka Ba Lasisi a Jihar Nevada ta Amurka

A gabashin birnin Reno da ke jihar Nevada ta ƙasar Amurka, kusa da kogin Truckee, akwai wani gida mai suna Mustang Ranch, wanda a shekarar 1971 ya zama gidan karuwai na farko da wata hukuma ta ba lasisi a jihar. Ya kamata mai karatu ya sani tun daga farko cewa doka ta haramta karuwanci a sauran jihohin Amurka, kuma ko a Nevada ɗin ma an haramta ta a Las Vegas da Reno; wasu gundumomin karkara ne kaɗai suka amince da ita, a cikin gidaje masu rajista.

Mutumin da ya kafa sunan gidan shi ne Joe Conforte, haifaffen tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, wanda ya yi tuƙin tasi a Kalifoniya kafin ya shiga Nevada a 1955. Gidansa na farko yana garin Wadsworth, a daidai inda iyakokin gundumomi 3 suka haɗu. Babban mai gabatar da ƙara na gundumar Washoe, Bill Raggio, ya sa shi a gaba, shi kuwa Conforte sai ya yi yunƙurin rufe masa baki da barazanar ɓata masa suna. Yunƙurin ya kai Conforte kurkuku, kuma a 1960 hukuma ta ƙone gidan ƙurmus. Bayan ya fito, shi da matarsa Sally, wadda ta kasance magajiyar gidan a aikace, suka karɓi Mustang a 1967.

Yadda aka samu lasisin shi ne abin lura. Gundumar Storey, inda gidan yake, a wancan lokaci mazaunanta ba su kai mutum 1,000 ba, kuma baitulmalinta na neman kuɗin shiga ido rufe. A wuri irin wannan, attajiri ɗaya mai ba da aiki da gidajen haya yana iya juya zaɓe yadda ya ga dama, don haka da kwamishinonin gundumar suka amince da dokar lasisi, bukatar mai gida da ta hukuma ce ta zo ɗaya: shi ya samu kariya daga samame, su kuma suka samu haraji. Majalisar dokokin jihar, saboda fargabar kada a buɗe irin wannan gida a Las Vegas a ɓata wa harkar caca da yawon buɗe ido suna, ta yi sauri a shekarar ta 1971 ta haramta lasisin a gunduma mai mutane fiye da 200,000. An yi ta ɗaga adadin, yanzu ya kai 700,000.

A cikin gidan, tsarin aiki ya kasance kamar haka. Baƙo yana danna ƙararrawa a ƙofar shinge, matan su fito su jeru a falo, kowacce ta faɗi sunan aron da take amfani da shi, sannan a daidaita farashi a ɗaki, a kai kuɗin wurin mai ajiya. A al'adar gidajen Nevada, rabin kuɗin na gida ne, kuma daga rabin da ya rage mata ne mace take biyan kuɗin ɗaki da abinci da na gwajin likita. Doka ba ta ɗauke ta a matsayin ma'aikaciyar gidan ba, tana ɗaukarta mai aikin kwangila ce mai cin gashin kanta, abin da ke nufin ba ta da albashi, ba ta da inshorar lafiya ko fansho daga wurin mai gida. Dole ta yi rajista a ofishin shugaban 'yan sandan gunduma, kuma a zamanin Conforte mata kan yi makonni a cikin shingen ba su fita. A ɓangaren lafiya kuwa, gaskiya ne jihar ta tsaurara: tun 1986 aka wajabta gwajin cutar ƙanjamau, a 1988 aka wajabta kwaroron roba, ana gwajin ciwon sanyi kowane mako, na ƙanjamau da tunjere kuma kowane wata. Sai dai matar ce ake gwadawa, baƙon da ya shigo ba a neman takardar likita daga gare shi.

Sunan Mustang ya zaga duniya ne a ranar 22 ga Mayu, 1976, lokacin da aka harbe Oscar Bonavena a ƙofar gidan. Ɗan dambe ne daga Ajantina wanda ya kai Muhammad Ali har turmi na 15 a watan Disamba na 1970 kafin ya sha kaye. Wanda ya harbe shi mai tsaron lafiyar Conforte ne, kuma bai cika shekara 2 a kurkuku ba.

Duk da wannan jini, da kuma sukar da shugabannin addini suka daɗe suna yi, haraji ne ya kayar da gidan. A 1977 kotu ta samu Conforte da laifin kauce wa biyan haraji, a 1980 ya gudu Barazil, sannan ya dawo a 1983 bayan ya yarda zai ba da shaida a kan wani alƙalin tarayya, Harry Claiborne, wanda ya ce ya ba shi cin hanci. Zargin cin hancin bai tabbata ba, amma an samu alƙalin da laifin haraji, kuma majalisar dattawa ta tsige shi a 1986. A 1990 hukumar haraji ta ƙwace gidan ta yi gwanjonsa a kan kusan dala miliyan 1.5. Daga nan ne aka samo labarin da ake yawan yaɗawa cewa gwamnatin Amurka ta taɓa gudanar da gidan karuwai ta yi asara, alhali ba ta taɓa gudanar da shi ba. Abin da ya faru shi ne, daga baya masu bincike suka gano cewa kamfanin da ke riƙe da gidan na Conforte ne a ɓoye, ya sake komawa Barazil ana aika masa da ribar a can. A 1999 kotun tarayya ta samu kamfanin da laifi tare da wata tsohuwar kwamishinar gundumar Storey da ta yi manajan gidan, kuma a watan Agusta aka garƙame ƙofar. Conforte bai sake dawowa ba, a can Barazil ya mutu a 2019.

A 2003 gwamnati ta sa gine-ginen a kasuwa a dandalin cinikin intanet na eBay, wani dillalin filaye mai suna Lance Gilman ya saya a kan dala 145,100, ya kwashe su zuwa wani fili da ke gaba, har da taimakon jirgi mai saukar ungulu, ya kuma yi nasara a shari'ar mallakar sunan. A 2012 aka zaɓe shi kwamishinan gundumar Storey, wato ya shiga hukumar da ke ba gidansa lasisi, kuma shi ne ya jagoranci sayar da filayen masana'antun da kamfanin Tesla ya kafa katafariyar masana'antar batir a cikinsu. Sanata Harry Reid da ya yi kira a 2011 a haramta gidajen domin suna korar masu zuba jari bai samu goyon baya a majalisar jihar ba, kuma a 2018 masu zaɓe a gundumar Lyon da ke maƙwabtaka sun ƙi amincewa da rufe nasu da rinjayen kusan kashi 80 cikin 100.

Abin da ya fi damun mai nazarin wannan tarihi shi ne, an san sunan mai gida da alƙali da ɗan dambe da mai gabatar da ƙara, amma ɗaruruwan matan da guminsu ya biya harajin sun wuce da sunayen aro. Masu goyon bayan lasisi suna cewa mace a cikin gida mai masu gadi ta fi tsira daga duka da kisa a kan wadda ke bakin titi, kuma akwai matan da suka faɗi hakan da bakinsu. Masu adawa suna cewa wasu kawalai ne ke turo su suna karɓe rabon nasu a waje, kuma lasisin bai rage karuwancin ɓoye a Las Vegas ba, inda mafi yawan harkar take. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen daga Maris na 2020 zuwa Mayu na 2021, matan sun koma gida ba tare da albashin ko wata ɗaya ba, domin a takarda su ba ma'aikatan kowa ba ne.