Sharhi: Wa ya sha wahala kafin abincin ya iso kwanonka?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraronmu, na gona da na kasuwa, da iyayenmu mata da ke gindin murhu. Sharhinmu na yau kan wasu mutane ne da suka bar cin nama kwata-kwata, ba ma nama kaɗai ba, har nono da ƙwai da man shanu da zuma, duk abin da ya fito daga jikin dabba. Bigan ake ce musu, a Ingila wani Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a 1944. Babbar hujjarsu ita ce azabar da dabba ke sha a manyan gonakin kiwo, inda kaza za ta ƙare rayuwarta a keji ko fuka-fukai ba ta iya miƙewa. Suna kuma kawo maganar ɗumamar yanayi, don hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2013 kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke jawowa mai ɗumama duniya.

To ni dai ban zo in ce muku ku bar nama ba. Allah ya halatta mana, muna layya muna yankan suna, kuma Bafulatanar da ke tallan nono da shi take riƙe gidanta. Amma tambayar da mutanen nan suke yi, daga ina abincina ya fito kuma wa aka cuta a hanya, wallahi mu ya kamata mu riga su yin ta. Hadisin Shaddad bn Aus yana nan a Sahihu Muslim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan za ku yi yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Yanzu dan Allah ku je Maigatari ko Wudil ranar kasuwa ku ga yadda ake cusa shanu a tirela za a kai su Legas, wata kan wata, an ɗaure ƙaho an murɗe wuya, ga rana ga ƙishirwa ga doguwar hanya, wacce ta faɗi a ciki sai dai 'yan uwanta su tattake ta. Kaji kuma an ɗaure ƙafafu an rataya a babur kai a ƙasa tun daga ƙauye har birni. Yayana mahauci, saniya mai ciki fa? Mai gonar kaji, ka ɗura musu magani yau gobe ka kai kasuwa, maganin bai bar jikinsu ba, cikin wa zai ƙare?

Kuma kar wani ya ɗauka in ya koma cin tsiro shi ke nan ya tsira. Wake nawa ake zuba wa Sniper a sito don gudun ƙwari? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda wannan guba ta yi yawa a cikinsa. Su sun ƙi, mu kuwa da shi ake mana ƙosai da alale muna ba yara. Ga mangwaro da ayaba da ake nukawa da kabaid. Alhali buhun nan mai leda biyu a ciki, na PICS, yana kashe ƙwarin wake ba tare da ɗigon magani ba, iska kawai yake hana su.

Wanda yake son rage nama, ko don tausayi ko don tsada, ai ba sai ya nemi komai daga waje ba, ga ɗanwake, ga awara, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga miyar kuka ta sha daddawa. Sai dai a kula, akwai sinadarin bitamin B12 da ba a samu a gero ko wake ko ganye, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini yana taɓa jijiyoyi, shi ya sa su kansu 'yan bigan ɗin ƙwayarsa suke sha. Don haka mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, kar a yanke musu nono da ƙwai da kifi sai an je asibiti an ji ta bakin ma'aikacin lafiya.