Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi a Bikin Ranar Malamai ta Duniya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Ministan Ilimi, babban baƙonmu na yau, manyan jami'an ma'aikata da suka rufa masa baya, shugaba da membobin hukumar gudanarwa ta wannan kwaleji, iyayenmu shugabannin al'umma, 'yan'uwana malamai, ɗalibanmu malaman gobe, 'yan jarida, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin hukumar wannan kwaleji ta horar da malamai, da ma'aikatanta da ɗalibanta, ina yi wa mai girma Minista barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san tulin aikin da ke gabanka, kuma da wakili ka turo ba wanda zai ga laifinka. Amma ka taso da kanka, ka tako har cikin harabarmu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma da ɗaukaka.

Zuwan naka ya dace da rana mai daraja a wurinmu. A ranar 5 ga Oktoba, 1966, a birnin Paris, aka amince da wani kundin shawarwari na haɗin gwiwa tsakanin UNESCO, wato hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya game da matsayin malami: horonsa, ɗaukarsa aiki, haƙƙoƙinsa da nauyin da ke wuyansa. Tun daga 1994 ake tunawa da wannan rana a matsayin Ranar Malamai ta Duniya.

Ranka ya daɗe, an saba a irin wannan jawabi mai masauki ya jero gine-ginen da aka yi da kofunan da aka ciyo, sannan ya kwance jakar koke-koke. Duk waɗannan suna cikin takardar da muka miƙa wa ofishinka, ba zan cinye maka lokaci da su ba. So nake in yi magana a kan abin da ba ya shiga takarda, wato halin mutumin da muke yayewa mu tura shi aji. Takardar shaidar da muke ba shi tana nuna ya ci jarrabawa. Ba ta nuna abin da zai yi idan ya tsaya gaban yara, ya yi bayani har sau biyu, ya duba fuskoki ya ga rabin ajin bai gane ba. A wannan ɗan lokacin ne ake sanin wane ne malami, wane ne mai cin albashin malanta.

Kowa a nan zai ce haƙuri ne kan gaba, kuma gaskiya ne. Sai dai mun faɗi haƙuri har ya zama kamar gaisuwa, ba ma tsayawa mu duba yadda yake a aikace. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa a kaset, ta zauna tana auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya jefa tambaya. Abin da ta bayyana a 1972 shi ne yawancin malamai ba sa jira fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya, wato sakan ɗaya. Kafin yaro ya gama juya tambayar a kansa, malam ya maimaita ta, ko ya nuna wani, ko ya amsa da kansa. Da aka koya wa malaman su riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa ba su sani ba suka ragu, kuma yaran da a da ba a jin muryarsu suka fara ɗaga hannu. Daƙiƙa uku, ranka ya daɗe. Ba a sayen ta da kuɗi, ba ta buƙatar kwangila. Amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san nauyinta, domin shirun aji yana tsorata malami fiye da hayaniyarsa. Wanda ya iya daurewa ya yi shirun nan, ya bar yaro mai nawar magana ya tattaro tunaninsa, ya gaya wa yaron cewa ana jiran abin da zai faɗa, ko da bai furta hakan da baki ba.

To, an jira, yaro ya amsa, amsar kuma ba daidai ba. A nan ne na fi son in ga ɗalibanmu idan muka bi su duba koyarwar gwaji. A ce malama ta rubuta a allo: rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3. Yarinya ta taso ta rubuta 2/5. Malamar da ta gaji za ta ce ba haka ba ne, koma ki zauna, wa zai gyara mata? Yarinyar ta koma da kunya, ba ta san inda ta kauce ba, gobe kuma ba za ta sake tasowa ba. Malamar da muke nema takan ce, “Tsaya, nuna mini yadda kika yi.” Sai ta gane yarinyar ba zato ta yi ba, hanya ta bi: ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Sai malamar ta zana dogon layi, ta raba shi gida biyar, ta ce a shafe biyu. “Wannan ya kai rabin layin?” Aji ya ce bai kai ba. “To, da rabi muka fara, muka ƙara wani abu a kai. Yaya aka yi abin ya ragu?” Yarinyar ta yi shiru, ta ƙura wa allo ido, can sai ka ga fuskarta ta canja. Ita da kanta ta kama kuskuren, kafin ma a kai ga 5/6. Kuma akwai yara da dama a kujerunsu da ke ɗauke da wannan kuskuren a kansu ba su faɗa ba, su ma an warkar da su ba tare da an kira sunansu ba.

A lura, malamar nan ba za ta iya yin haka ba sai ta san lissafin ciki da waje. Shi ya sa ba na tare da masu cewa kirki kaɗai ya isa. Malami mai fara'a wanda bai san darasinsa ba, yara za su so shi, su kuma fita hannu rabbana. Sanin fanni wajibi ne, kuma sai malami ya ci gaba da karatu har ranar da zai ajiye alli.

Akwai kuma abin da malami ke ƙudurtawa a zuciyarsa game da kowane yaro. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wata makarantar firamare a jihar Kalifoniya. Sun gaya wa malamai cewa jarrabawa ta nuna wasu yara, kimanin kashi 20 cikin 100, za su yi fice a wannan shekara. Alhali kuwa sunayen yaran tsintar su kawai aka yi, ba wata jarrabawa da ta ware su. A ƙarshen shekara sai aka ga waɗannan yara sun ɗara takwarorinsu ci gaba, musamman a aji ɗaya da aji biyu. Masana sun yi ta gardama daga baya a kan girman wannan tasiri, wasu suna ganin an zuzuta shi, kuma suna da hujja. Amma mu da muke cikin aji ba mu buƙatar a rantse mana. Mun san yadda suna ke manne wa yaro. A ofishin malamai wani ya ce, “Ai wane daƙiƙi ne, kada ka wahalar da kanka,” sabon malami ya ɗauka, ya shiga aji da wannan hukunci a aljihu kafin ya taɓa jin muryar yaron. Daga nan sai a daina tambayarsa, a mayar da shi kujerar baya, a riƙa duba littafinsa a gurguje. Shekara ta zagayo ya faɗi, sai a ce ai dama an faɗa.

Adalci kuwa ba sai na tsawaita ba, yara sun fi mu iya gane shi. Sun san wanda ake yi wa murmushi idan ya makara da wanda ake tsayarwa a ƙofa, sun kuma san ɗan wane ne kowannensu. Suna iya yafe wa malami tsanani, amma da wuya su yafe masa son kai.

Halin da ya fi wuyar samu, a ganina, shi ne malami ya iya cewa “ban sani ba” a gaban ɗalibansa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Imamu Malik, duk da zurfin iliminsa, mutane kan taso daga nesa da tambayoyi ya amsa wasu, ya ce bai san wasu ba, bai kuma ji kunyar hakan ba. Shi ne kuma aka ruwaito cewa tun yana yaro mahaifiyarsa ta shirya shi ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a, ta umarce shi da ya koyi ladabin malamin kafin iliminsa. Wannan uwa ta fahimci abin da manhajarmu ba ta rubuta ba: ɗalibi yana kwasar halin malami ko malamin ya so ko bai so ba. Idan yaro ya tambayi abin da ya fi ƙarfin malam, malam ya daka masa tsawa don ya rufe gazawarsa, ajin ya koyi cewa tambaya laifi ce. Idan kuwa ya ce, “Wannan tambaya ce mai kyau, ba ni zuwa gobe in bincika,” kuma goben ya dawo da amsa, to ya koyar da gaskiya da cika alkawari da yadda ake neman ilimi, duk a zama ɗaya.

Mai girma Minista, malami ba ya cika ganin amfanin gonarsa da idonsa, sai jefi-jefi. Marubucin nan Albert Camus ya tashi a wata unguwar talakawa a birnin Aljiyas na ƙasar Aljeriya. Mahaifinsa ya rasu a yaƙin duniya na farko yana jariri, mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, kakarsa kuma so take ya gama firamare ya kama aiki ya taimaki gida. Malaminsa na firamare, Louis Germain, shi ya riƙa yi masa ƙarin darasi, ya kuma taka har gidansu ya shawo kan kakar ta bar shi ya zauna jarrabawar neman tallafin karatu. A 1957 aka ba Camus kyautar Nobel ta adabi, kuma bai daɗe da samun labarin ba ya zauna ya rubuta wa wannan malami wasiƙar godiya. Abin da ke burge ni a labarin ba kyautar ba ce, tafiyar nan ce zuwa gidan yaron. Ba ta cikin jadawali, ba wanda ya biya shi, ba kuma wanda zai tuhume shi da bai je ba. Malamai da yawa suna irin wannan tafiya, ba wanda ya rubuta musu wasiƙa.

Sai dai a nan dole in yi hattara, ranka ya daɗe, kada jawabina ya zama hujja a hannun masu cewa malanta sadaukarwa ce, ladan malami yana lahira. Muna fatan ladan lahira, amma kyawawan halayen nan suna da iyaka idan aka matse mai su. Malamar da aka cika wa aji har ba ta da hanyar wucewa zuwa baya, ta yaya za ta tsaya ta tambayi yarinya ɗaya yadda ta samu 2/5? Wanda hankalinsa ke kan bashin da ake binsa, daƙiƙa ukun nan ma nauyi za su yi masa. UNESCO ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga cikinsu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Ta kuma nuna cewa yawan malaman firamare da ke barin aiki a duniya ya kusan ninkawa tsakanin 2015 da 2022. Kuma abin takaicin, sau da yawa wanda ya fi ƙwazo shi ya fi saurin samun wata ƙofar.

Saboda haka roƙonmu a yau bai shafi bulo da siminti ba. Muna roƙon idan za a ɗauki malami aiki, a sa shi ya koyar a gaban yara na gaske kafin a ba shi takarda, a ga yadda yake yi da amsar da ba daidai ba. Muna roƙon sufetocin da ake turowa makarantu su rage ɗokin duba kundin shirin darasi da sa hannu, domin ana iya kwafe kundi a dare ɗaya. Su zauna a bayan aji, su ƙirga yara nawa suka yi magana, su buɗe littafin yaron da ya fi kowa rauni su ga ko jan biron malam ya bar masa wata kalma da za ta taimake shi, ko kuwa gicciye kawai aka ja masa. Sabon malami kuma, a haɗa shi da gogagge a shekararsa ta farko, a rage wa gogaggen darussa don ya samu sukunin kula da shi. Irin waɗannan halaye a wurin mutum ake ɗaukar su, mu a kwaleji iyakarmu mu nuna hanya.

Ku kuma ɗalibanmu, na ga kuna ta gyaɗa kai. Ku sani da ku nake, ba da Minista kaɗai ba.

Ranka ya daɗe, bayan an tashi daga nan mun shirya maka zagaye a makarantar gwaji da ke cikin harabar nan, inda ɗalibanmu na shekarar ƙarshe ke koyarwa yanzu haka. Ba mu ware maka aji ba, ba mu kuma gaya wa kowa wanda za ka shiga ba. Ka zaɓi wanda ka ga dama, za a sa maka kujera a baya.

Muna sake yi maka maraba, kai da 'yan tawagarka. Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.