Gidan Wada: jinkar da babu ƙusa a cikinta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa ƙauyen Ogimachi da ke yankin Shirakawa-go, can cikin tsaunukan lardin Gifu a ƙasar Japan. A nan gidan iyalin Wada yake, wanda ya fi duk gidajen gargajiyar ƙauyen girma. A shekarar 1995 gwamnatin Japan ta sanya shi cikin muhimman kadarorin al'adu, kuma a shekarar ce UNESCO ta shigar da ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya.

Rufin ne ke fara ɗaukar ido. Jinka ce ta ciyawa, mai kaurin gaske, gangarenta ya kai kusan digiri 60, domin dusar ƙanƙarar da ke zuba a wannan kwari takan haura mita biyu, kuma rufin da ya kwanta ba zai ɗauke ta ba. Hau bene ka duba, ba za ka ga ƙusa ko ɗaya ba. Igiyar bambaro da ɗanyen reshe aka ɗaure katakan da su, yadda in nauyi ya danno ko iska ta taso, sai rufin ya ɗan lanƙwasa maimakon ya karye. Katakan kuwa baƙi ƙirin suke. Aikin hayaƙi ne: murhun da ke tsakar ɗaki a ƙasa yana tura hayaƙinsa sama, ya busar da ciyawa, ya kori ƙwari. A wannan benen ake kiwon tsutsar siliki a da, ƙarƙashin daɓe kuma a haɗa gishirin albarushi, sana'o'in da suka azurta gidan.

To, a ganina nan gizo ke saƙa. Takardar gwamnati tana hana rushe gida, amma ba ita ke hura wuta a murhu ba, ba ita ke hawa rufi ba. Bayan 'yan shekaru gommai dole a sauya jinkar, aikin da kan tara mutane fiye da ɗari, maƙwabta da dangi, su gama gefe guda a yini. Tun 1971 mazauna ƙauyen suka yi wa juna alkawari: ba sayarwa, ba haya, ba rushewa. Sun kuma girka bututun feshin ruwa a lungu-lungu, don gobara ita ce babbar abokiyar gabar ciyawa.

Sai dai matasa na tafiya birni, masu hannun ɗaure igiyar na tsufa. Yau sau da yawa ƙwararru ake ɗauko haya su yi jinkar da a da maƙwabta ke yi wa juna kyauta.