Tambayoyin da ke bin amsar mai ciwon MS

Ciwon MS (multiple sclerosis a Turance) yana tasowa ne idan garkuwar jiki ta juya kan kitsen da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa isa gaɓoɓi da ƙyar. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke fama da shi a duniya, mata sun ninka maza.

Ma'aunin EDSS, na auna nakasar mai MS, da likitoci suka saba da shi tun 1983 yana tashi daga 0 zuwa 10, kuma tafiya ya fi dubawa: maki 6 na nufin sai da sanda. To ina matar da ke takawa da ƙafarta, amma gajiya ta hana ta tuƙa tuwo, fitsari na kufce mata, ta daina zuwa biki? Sai an tambaye ta. Takardar MSQOL-54 ta 1995 tana yin wannan, sai dai tambayoyi 54 ne. Mai gajiya da dishi-dishin ido, tun kafin ya kai rabi ya fara amsawa don a rabu da shi.

Tsarin da ke bin amsa, wato wanda kwamfuta ke zaɓar tambaya ta gaba bisa amsar da aka bayar, irin PROMIS da Neuro-QoL na Amurka, yana da rumbun tambayoyi ga kowane fanni: gajiya daban, barci daban, motsin jiki daban. An riga an gwada kowace tambaya a kan ɗimbin mutane, an san nauyinta. Kwamfuta tana farawa da mai matsakaicin nauyi, yawanci a kan kwana 7 da suka wuce, amsa kuma mataki 5 ce. Idan mara lafiya ya ce tafiya cikin gida ma tana gagararsa, ba za a tambaye shi gudu ba, sai a sauko zuwa tashi daga kujera. Bayan kowace amsa ana sake lissafi. Yawanci ana yin aƙalla tambaya 4, a tsaya idan kuskuren ƙiyasi, wato rashin tabbas ɗin makin da kwamfuta ta lissafa, ya sauko ƙasa da maki 3, ko an kai tambaya 12.

A wannan tsarin, maki 50 shi ne matsakaici. A kula: maki mai yawa a motsin jiki alheri ne, a gajiya kuwa matsala ce. Sannan da kuskuren maki 3, ainihin matsayin mutum na iya kaucewa da kusan maki 6 sama ko ƙasa, don haka tashi daga 58 zuwa 60 bai isa a canja magani ba.

Babban aikin yana nan gida, a ƙasar Hausa. Nauyin tambayoyin a Amurka aka auna shi. Hawa bene abu ne na kullum a can. A Daura mutum na iya shekara bai hau ba, sai ya ce babu matsala, kwamfuta ta ɗauka lafiyarsa lau ta tsallake zuwa tambayoyi masu wuya. Abin da ke damunsa shi ne ruku'u da sujada, tsuguno a banɗaki, tashi daga tabarma. Fassara kaɗai ba ta gyara wannan. Sai an fassara zuwa Hausa, wani ya mayar Turanci a kwatanta, a zauna da marasa lafiya su faɗi abin da suka fahimta, sannan a sake auna nauyin tambayoyin.

Zafin yanayi yana tsananta alamomin MS na ɗan lokaci, saboda haka makin Afrilu a Katsina ba ɗaya yake da na hunturu ba. A rubuta wata da sa'ar da aka auna. Idan ciwon ya motsa ko akwai zazzaɓi, a nuna hakan a katin mara lafiyar. Wanda ba ya karatu, ma'aikaci ya karanta masa kalma da kalma ba ƙari. Ɗan rakiya kuma ya jira a waje, domin mace ba za ta faɗi gaskiyar fitsari ko kwanciyar aure a gaban surukarta ba. Ranar da babu wuta ko intanet, a yi amfani da gajeriyar takarda mai tambaya 8 daga rumbun, makinta yana kan ma'auni ɗaya da na kwamfuta.