Tsuntsun da waƙa ta tona asirinsa: lacca a taron gidauniyar masu kallon tsuntsaye a Jos

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, 'yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana a kan abu uku: dalilin da ya sa muke neman kuɗi, abin da za mu yi da su, da yadda za a riƙe amanarsu. Amma kafin na farkon, ku yi mini haƙuri in ɗan ratse zuwa Laminga.

In ka fita daga Jos ka yi gabas kamar kilomita 15, za ka isa dajin Amurum. Ba wani ƙasurgumin daji ba ne, hekta 300 ne ko kusa da haka: duwatsu, ciyawa, sai kurmi a bakin rafi. Mutanen Laminga ne suka tsare shi tun kaka da kakanni, kafin cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke tare da Jami'ar Jos, ta zo ta zauna a gefensa. Tsuntsaye sama da iri 300 aka ƙirga a ɗan wurin nan.

To, a cikinsu akwai guda biyu da nake so ku sani. Kun san ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaba, wanda wasu ke kira baiwar Allah? Yana da ɗan'uwa a duwatsunmu na Filato, mai jan baya da kai ruwan toka. Har zuwa 1998 babu sunansa a littafin masana. Ku ji fa, 1998! Yana nan yana kiwo a gindin dutse, makiyaya suna ganinsa kullum, amma a rubuce babu shi.

Yaya aka gano shi? Ta hanyar wani baƙin tsuntsu mai sheƙi wanda ba ya yin sheƙa. Macen sai ta faki idon jan tsuntsun, ta saka ƙwanta cikin nasa ƙwai, ta yi gaba. Cin amanar maƙwabci ke nan, amma da sauƙi, domin ɗan nata ba ya kashe 'ya'yan gida, tare suke tashi. In ya buɗe baki yana neman abinci, zanen da ke cikin bakinsa irin na 'ya'yan masu gida ne sak, sai uwar riƙo ta ɗura masa ba tare da ta gane ba. Shi kuma in namiji ne, waƙar uban riƙonsa yake koya. In mace ce, ranar da ta isa aure, sai mai rera waƙar gidan da ta tashi take so. Kun ga ko tsuntsu ma ya san gidan da ya ci tuwo. (Dariya.)

Wani masani daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, Robert Payne, ya daɗe yana ɗaukar muryoyin irin waɗannan baƙaƙen tsuntsaye. Da ya saurari na Filato, sai ya ji waƙar ba ta yi daidai da ta kowane jan tsuntsu da aka sani ba. Ashe akwai wani uban riƙo da ba a gani ba tukuna. Waƙar ce aka bi har aka kai ga mai ita. Ni dai ranar da na fara ganinsa da madubin hangen nesa, da sanyin safiya, yana shan ruwa a wani ɗan kwarmin dutse da bai fi tafin hannu ba, wallahi sai da na kasa magana. Kuma in an fasa dutsen nan an kwashe a tifa, ba tsuntsu ɗaya aka kora ba, biyu ne, domin baƙin ba shi da inda zai kai ƙwansa.

Ina muka tsaya? Na biyu ko? A'a, na farkon ma ban gama ba. To, dalilin shi ne ɗan kurmin da ke bayan unguwarmu, wanda gari ya riga ya zagaye. Kun fi ni sanin abin da ke cin sa: masu fasa dutse, masu yanka fulotai, wutar rani, shara da leda, ga yara da danƙo. Amurum yana da jami'a a bayansa. Namu ba shi da kowa sai mu.

Kuɗin kuwa, in taƙaita: share hanyar tare wuta kafin hunturu ya kankama, ɗan alawus ga matasa biyu daga cikin unguwar da za su riƙa zagayawa, dashen itatuwan gida irin su ɗorawa da kanya, da madubai na yara. Yaron da ya kalli idon tsuntsu ta madubi, da wuya ya sake ɗaga masa danƙo, na gani da idona. Sai ƙirga: duk abin da muka gani muna shigar da shi a waya, yana tafiya cikin aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, domin ranar da za mu je gaban hukuma, rubutu za mu nuna, ba kuka ba. Kada ku raina ƙaramin wuri. Dajin Lekki da ke Legas hekta 78 ne kacal, an kafa shi a 1990, yau gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina, yana nan, har kuɗi ake biya a shiga.

Na uku, maganar amana, sa hannun mutum uku ne a asusun, kuma... Na'am, Mama? A miƙa mata lasifika.

Ga waɗanda ba su ji ba, Mama ta ce ita a kurmin nan take samo itacen girki, gas ya fi ƙarfinta, in mun tsare shi da me za ta dafa wa jikokinta?

Mama, gaskiyarki, kuma da ma da wannan ya kamata in fara. Ba katanga za mu yi ba. Busasshen reshen da ya faɗo, ki ɗauka, babu mai hana ki. Ɗanyen icce a bakin rafi shi ne muke roƙon a bari, saboda shi ke riƙe ruwan har cikin rani. Kuma ina ba kwamiti shawara a gaban kowa, a ware wani kaso na abin da aka tara yau a sayi murhu mai cin itace kaɗan ga matan da ke bakin kurmin, a kuma keɓe gefe guda a dasa itacen da za a riƙa sara. Ku ne kuka san inda wuta ke fara tashi duk shekara, mu ba mu sani ba. Za ki yarda ki shigo kwamitin? Alhamdu lillahi. Malam sakatare, a rubuta sunan Mama. Ranar Asabar ƙarfe shida da rabi muna bakin rafin, kowa ya zo da rigar sanyi.