Lissafi da agogo a sana'ar girkin taro

An gabatar da wannan lacca a wani zama na masu girkin biki da walima a Jidda. Mun rubuto ta daga muryar da aka naɗa, mun rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena Hajiyoyi, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa.

Duk wadda ke zaune a nan ta iya girki, don haka ba zan koya wa kowa suyar albasa ba. Daɗin hannu shi ke kawo miki odar farko. Amma abin da ke hana mace ta yi shekara tana shan hayaƙi ba ta ga riyal ɗaya na riba ba, lissafi ne da agogo. A kansu zan tsaya.

Mu fara da awo. A ajiye "na ƙiyasta da ido", a sayi sikeli. Idan shinkafa ce babban abinci, kamar kabsa ko bukhari ko dafa-duka, a ware wa kowane mutum giram 120 zuwa 150 na ɗanyar shinkafa. Mutum 100 ke nan kilo 12 zuwa 15. Taron samari ko ma'aikata, ki ɗauki 15. Taron mata da akwai sambusa da waina da salak a gefe, 12 ma sai ta yi saura. Kaza mai kilo ɗaya da ɗoriya, in za a raba huɗu, 25 ta ishi mutum 100. In rabi-rabi ne, 50. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya cinye ribarki, shi ya sa tun wajen ciniki za ki tambaya: Hajiya, rabi ko kwata? Nama kuma yana raguwa a wuta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci har ɗaya cikin uku. Kilo 10 da kika karɓo daga mahauci, bakwai da wani abu ne zai hau tire. Rago ma ba ɗaya ba ne: sawakini da ake kawowa daga Sudan da na'imi da harri, kowanne da farashinsa da yawan kitsensa. A faɗi sunan ragon a cikin yarjejeniya.

Ita kanta shinkafar a san ta. Wadda ake kira mazza a nan, turarriyar basmati ce, tana son jiƙo na awa guda ko fiye, kuma tana jure zama a kula ba ta caɓe ba. Farar basmati jiƙon minti 20 zuwa 30 ya ishe ta, ta fi ƙamshi, amma in ta daɗe a rufe sai ta kakkarye. Ga odar da za ta yi tafiya, mazza ta fi rufin asiri. Tuwo da waina kuwa kada a wahalar da kai da basmati, ba ta da danƙo. Shinkafar Masar, gajeren ƙwaya, ita ke tuƙuwa ta kama jikinta. Kuma duk sabon buhu, a dafa kofi ɗaya a gwada shan ruwansa kafin a zuba kilo 15 a tukunya.

To, farashi. Nan ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa, kuma mu muke yi wa kanmu. Mace za ta lissafa shinkafa da kaza da mai da tumatir, ta ga riyal 1,000, ta ce wa mai oda 1,500, tana murna ta ci 500. Misali nake bayarwa, ba farashin kasuwa ba. Ina kuɗin gas? Ina robobi da tiren alminiyom da leda da sufra, wato ledar da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai, da cokula? Ina ladan mata biyu da suka kwana suna yankan albasa? Direba fa, da ƙanƙarar zoɓo, da wutar firiza, da sabulun wanke-wanke? Kafin ta ankara 500 ɗin ta narke, ita ba ta biya kanta ko sisi ba. Ƙa'idar da masu gidajen abinci ke bi ita ce kayan cefane kada su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da za a karɓa. Cefanen 1,000, farashi ya doshi 3,000, wato riyal 30 kowane kai in mutum 100 ne. In mai oda ta ce ya yi tsada, kada ki rage kuɗi, ki rage kaya: a koma kwatan kaza, a cire abin sha. Kuma ki rubuta wa kanki lada a cikin lissafi kamar yadda kika rubuta wa direba.

Kafin alƙalami, wanda ake ce wa arbun a nan, a karɓi aƙalla abin da zai rufe cefane. Ciko kafin abinci ya bar gida, ba bayan biki ba, don bayan biki uwar amarya ba ta ɗaga waya. Na san akwai kunya, 'yar unguwarku ce, tare kuke zuwa suna. To ki bar saƙo ya yi miki magana. Ki tura mata a WhatsApp: rana, wuri, adadin mutane, nau'in abinci, ƙarfe nawa za a kai, nawa aka biya, nawa ya rage, da ranar ƙarshe da za a iya ƙara mutane. Ta amsa da "na yarda". Ranar da ta kira da azahar ta ce dangin ango sun ƙaru da 40, kina da abin nunawa.

Sai agogo. Ana ƙirga shi ne daga baya. A ce buɗa-baki ne a Makka, ke kuma kina Jidda. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, wajen awa guda in hanya ta yi kyau, amma a watan azumi, musamman goman ƙarshe, ki ninka, ga hanyoyin kusa da Harami da ake rufewa. Magariba ba ta jiran kowa. Ki cire lokacin hanya, ki cire awa guda na zubawa da rufewa da lodi, ki cire tsotsewar shinkafa, ki cire jiƙo. Abin da ya rage shi ne lokacin kunna wuta. Ki rubuta a takarda ki manna a bangon kicin, kowace mai aiki ta san nata.

Biki kuma matsalarsa akasin haka ce. An ce miki ƙarfe goma, amma kowa ya san a ɓangaren mata ba a buɗe abinci sai bayan sha biyun dare, wani lokaci ƙarfe biyu. A nan nake so ku buɗe kunne, don wannan ya wuce maganar riba.

Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Abinci ko dai ya zauna sama da 60, ko ƙasa da 5. Kada ya wuce awa biyu a tsakani, in kuma a waje ne cikin zafi irin na Makka da ke haura 40, awa ɗaya. Mutane suna tsoron kaza da kifi, suna raina shinkafa. Alhali akwai wata ƙwayar cuta a shinkafa da dafuwa ba ta kashe irinta. In tukunya ta huce a hankali ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ba wari, ba yauƙi, amma cikin awa ɗaya zuwa shida sai amai ya kama mutane. Don haka ki zuba shinkafa a kula tana tururi, bayan kin ɗauraye kular da tafasasshen ruwa, ki cika ta, kada a yi ta buɗewa. In za ki ajiye dafaffe don gobe, kada ki tura babbar tukunya firji, tsakiyarta za ta kwana da zafi. Ki baza a tire, kaurinsa kada ya wuce yatsu uku, ya huce da wuri. Kaza ta narke a cikin firji tun jiya, ba a baho a tsakar kicin ba. Ki sayi ma'aunin zafi mai tsinke, ki soka a cinya kusa da ƙashi, ki ga 75. Katakon yankan ɗanyen nama daban, na salak daban. Mai gudawa, ko mai ciwo a yatsa da ba a rufe ba, ta huta a gida ranar, ko da ita ce ta fi kowa sauri.

Ƙullun waina ma zafin nan yana yi masa gaggawa. Abin da zai kwana kafin ya tashi a hunturun Kano, a Jidda 'yan awanni ne ya kumbura ya fara tsami. In ya tashi ba ki shirya suya ba, ki sa shi a firji.

Abu guda kan tsire, wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga hannunmu suke kira siriya. Yajinsa ƙuli-ƙuli ne, wato gyaɗa, kuma akwai waɗanda gyaɗa ke toshe wa numfashi. Mu mun san abin da ke ciki, Balarabe ko Ba'indiye da ya zo walima bai sani ba. A rubuta a jikin roba. Haka kunun gyaɗa da miyar taushe.

Takardu, a gurguje. Wurin dafa abincin sayarwa yana buƙatar lasisin baladiyya, wato hukumar gari, masu aiki kuma takardar shaidar lafiya. Ciyar da alhazai aikin kamfanoni ne masu izini. Wadda cinikinta ya wuce riyal 375,000 a shekara dole ta yi rajistar harajin VAT, wanda ya koma kashi 15 tun Yulin 2020. Kuma wadda ba 'yar ƙasa ba ce ta yi hattara da buɗe kasuwanci da sunan wani ɗan ƙasa a ɓoye. Tasattur ke nan, hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. A je a tambayi hanyar da ta dace da irin takardar zaman da mutum ke da ita.

Wata baiwar Allah daga baya ta tambaya: in oda ta fi ƙarfin tukwanena fa, in karɓa?

Hajiya, ki duba abin da ya fi ƙanƙanta a kicin ɗinki, shi ne iyakarki. Galibi ba murhu ba ne, firji ne. In firjinki kaza 30 yake ɗauka, odar kaza 60 ba taki ba ce, sai dai ki raba da wata da kika yarda da tsaftarta, ku yi amfani da awo ɗaya da kayan ƙamshi ɗaya don kada tire biyu su fito da ɗanɗano biyu. Kuma ki gaya wa mai odar tun farko cewa ku biyu ne.